Yadda mai bincike a jami'a zai haɗa takardun neman ƙarin girma

Duk shekara, da zarar ofishin magatakarda ya fitar da sanarwar ƙarin girma, sai shagunan fotokwafi na bakin ƙofar jami'a su cika da malamai, kowa rungume da tarin takardu. Da yawansu a wannan makon suka fara tunanin abin, alhali ba a fafe gora ranar tafiya. Na zauna a kwamitin da ke duba irin waɗannan takardu a cibiyar binciken noma da nake aiki, kuma abin da nake fara faɗa wa ƙannena a wurin aiki shi ne, mutanen da za su yanke hukuncin ƙarshe a kanka ba su san ka ba. Ba su gan ka tsaye cikin rana a gonar gwaji ba, ba su san kai ne ke rufe ɗakin bincike bayan isha'i ba. Fayil kawai za a ajiye musu a tebur. Duk abin da ba ya cikinsa, a wurinsu ba a yi shi ba.

A jami'o'in gwamnatin tarayya tsarin albashin malamai, wato CONUASS, mataki bakwai ne. Siniya lakcara yana mataki na 5, Rida, wanda wasu jami'o'in ke kira mataimakin farfesa, yana na 6, farfesa kuma na 7. Masu bincike suna da nasu layin da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da wannan: mai bincike na biyu, na ɗaya, babban mai bincike wanda yake daidai da siniya lakcara, sai wanda yake daidai da Rida, sannan farfesan bincike. Za ka ji irin waɗannan matsayi a cibiyoyin da aikinsu na farko bincike ne ba shiga aji ba. Jami'ar Ahmadu Bello tana da irinsu da dama: Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda tushenta ya faro tun 1922 kafin ta shiga ƙarƙashin jami'ar a 1962, da ta binciken dabbobi a Shika, da Gidan Arewa a Kaduna. Jami'ar Bayero ma tana da Gidan Mambayya da cibiyar nazarin noma a yankuna masu ƙarancin ruwan sama. Maganar ba ta albashi kaɗai ba ce. Dokar da aka gyara a 2012 ta sa masu matsayin farfesa su yi ritaya a shekara 70, sauran kuwa a 65. Sannan akwai tallafin bincike da kujerun da ba a cika miƙa wa wanda bai kai babban mai bincike ba.

Abu na farko, nemi kundin ƙa'idojin ɗaukar aiki da ƙarin girma na jami'arka, bugun da ake aiki da shi a yanzu. Kada ka dogara da abin da wani ya gaya maka a ɗakin shan shayi, ko da kuwa farfesa ne, domin shi da tsohon kundi ya wuce. Majalisar gudanarwa takan sabunta ƙa'idojin, kuma abin da ya wuce a Sakkwato ba lalle ya wuce a Maiduguri ba. Ka karanta shi da biro a hannu. Yawanci ana bukatar shekara uku a kan matsayi kafin a nemi na gaba, to ka duba daga wace rana ake fara lissafi, da kuma ko hutun da ka tafi ba albashi yana ciki. Digiri na uku kuwa kusan ko'ina ya zama dole kafin a kai matakin siniya. Sai lissafin maki: nawa ake ba maƙalar mujalla, nawa babin littafi, nawa takardar taron ƙara wa juna sani, kaso nawa ake so ya zama kai ne marubuci na farko, nawa ake so su fito a mujallun waje ko waɗanda ke cikin manyan rumbunan intanet masu jera mujallun ilimi da aka tantance, kuma nawa dole su zama sababbi tun bayan ƙarin girmanka na baya. Wasu kundayen suna iyakance yawan maƙalun da za a karɓa daga mujalla guda, musamman mujallar gidanku. Ka zana wa kanka jadawali, ka ba kowane aiki makin da kundin ya yanka masa, ka ɗauki mafi ƙanƙanta idan an ba da tazara. In lissafin ya tsaya daidai bakin layi, ni dai shawarata ka jira baɗi. Kwamiti yakan zubar da abu ɗaya ko biyu, kuma wanda ya zo ba rara shi ke komawa gida.

A wajen maƙalu ne yawancin fayiloli ke karyewa, don haka zan daɗe a nan.

Akwai mujallun cin kasuwa, waɗanda za su aiko maka da saƙon imel suna kiran ka shehun malami, ka tura musu aiki ranar Litinin, kafin Juma'a sun karɓa, sai dai a tura kuɗi. Wani ma'aikacin laburare a Amurka, Jeffrey Beall, ya yi shekaru yana tara sunayen irinsu, har ya sauke jerin nasa a farkon 2017. Jerin ya tsufa, amma sana'ar tana nan, har ta ƙara wayo, domin yanzu akwai masu satar sunan mujallar kirki su buɗe shafi mai kama da nata. Kafin ka tura aiki, ka shiga shafin Scopus, ɗaya daga cikin waɗancan manyan rumbunan, da kanka ka nemi mujallar ta lambar ISSN ɗinta, wato lambar shaidar da kowace mujalla ke da ita, ba ta suna kaɗai ba. Ka duba kuma ko tana cikin waɗanda aka kora daga rumbun, domin mujalla kan shiga bana a fitar da ita bayan shekara biyu, ta ci gaba da liƙa tambarin a goshinta. Haka za ka yi da sauran rumbuna irin su Web of Science da DOAJ. Mujallun nahiyarmu da yawa suna kan AJOL, rumbun mujallun Afirka, kuma a cikinsu akwai masu tantancewa ta gaskiya. Ban yarda da masu raina duk abin da aka buga a gida ba. Bincike kan takin gero a ƙasar jigawa mai rairayi, manoma da malaman gona na nan ne suka fi bukatarsa, kuma mujallar gida mai editan da ke mayar da aiki a gyara ta fi ta waje da ba ta karanta komai. Amma ra'ayina ba zai ƙara maka maki ba, kundi ne zai ƙara, don haka ka cika abin da ya nema na waje sannan ka yi na gida.

Sai al'adar nan ta “sa sunana in sa naka”. Mutum huɗu su haɗa kai, kowa ya rubuta ɗaya, kowa ya tashi da huɗu. A matakin sashe tana iya wucewa. Amma mai tantancewa na waje, wato farfesan wata jami'a da ake aika wa ayyukanka, in ya ga masanin ƙasar noma yau yana kan maƙalar cutar kaji, gobe kan farashin tumatir a kasuwa, jibi kan koyar da lissafi a firamare, ba ya bukatar kowa ya yi masa bayani. Haka nan yanka bincike ɗaya gida uku, jadawali iri ɗaya, take daban. Na taɓa ganin fayil da aka jera aiki ɗaya sau biyu, sau ɗaya a matsayin takardar taro, sau ɗaya a matsayin maƙala, an sauya kalma biyu a take. Mai shi mutumin kirki ne, a zatonsa halas ne. Kwamiti ya ƙirga ɗaya, amma daga nan aka koma ana bin sauran takardunsa layi-layi, abin da da ba a yi ba. In takardar taro ta girma ta zama maƙala, ka jera maƙalar kaɗai. Kuma ka bi duk ayyukanka da manhajar gano satar rubutu irin Turnitin tun kafin jami'a ta bi da su, domin kwafe sakin layi daga tsohon aikinka ma tana nuna shi.

Aikin da aka karɓa amma bai fito ba, wasu jami'o'in suna ƙirga shi idan akwai wasiƙar karɓa, wasu suna iyakance adadinsa da shekarun wasiƙar, a matakin Rida da farfesa kuma sau da yawa sai bugagge. Ka duba naku. Wasiƙar da ta shekara uku mujalla ba ta fito ba tana jawo tambaya.

Akwai wata matsala da ta fi damun mu 'yan Arewa, wato rubutun suna. Mutum ɗaya a wannan maƙala Muhammad, a waccan Mohammed, a wata Muhammed. Yau ya sa sunan mahaifi a ƙarshe, gobe ya sa sunan garinsu, jibi edita ya juya masa su. Rumbunan intanet sai su raba shi mutum uku, kowane da 'yan maƙalu kaɗan, kuma waɗanda suka ambaci aikinsa su watse tsakaninsu. Ga 'yan'uwa mata abin ya fi yawa, in an fara bugawa da sunan mahaifi sannan aka koma na miji. Maganinsa, ka tsayar da suna ɗaya ka riƙe shi. Ka buɗe lambar ORCID, kyauta ce, lambobi 16 ne da ke bin ka duk inda sunanka ya sauya. Ka nemi Scopus ta haɗe maka shafukanka wuri ɗaya, ka gyara shafinka na Google Scholar ka cire ayyukan masu irin sunanka da suka shigo. In sunan da ke kan takardun shaidarka ya bambanta da na maƙalu, ki ko ka saka takardar rantsuwa ta kotu da shaidar sanarwar jarida a gaban fayil, kada a bari sai an tambaya.

Mai bincike yana da wani abu da malamin aji ba shi da shi, kuma abin mamaki shi ne muka fi sakaci da shi. Ina nufin abin da binciken ya haifar. Wanda ya yi aikin fitar da sabon iri ya san ba aikin damina ɗaya ba ne: a haɗa iri, a zaɓa, a gwada a tasha, a gwada a wurare daban-daban, a kai gonakin manoma, sannan a gabatar wa kwamitin ƙasa mai rajista da sakin iri, wanda ofishinsa yake Ibadan. Irin Samaru da manomi ya sani, masarar SAMMAZ, dawar SAMSORG, gyaɗar SAMNUT, waken SAMPEA, duk ta wannan hanya suka biyo. SAMPEA 20-T, waken da ke jure tsutsar da ke huda kwanso, sai a ƙarshen 2019 aka sake shi bayan kusan shekara goma ana gwaji. To a irin wannan dogon aiki, in ka zauna jiran ranar sakin iri, shekara uku za ta zagayo sau biyu ba ka da abin nunawa. Ka riƙa fitar da maƙala daga kowane mataki da ya ba da amsa mai tsayawa da kanta. Ranar da aka saki irin kuma, ka tabbata sunanka yana cikin takardar da aka gabatar wa kwamitin, ka ajiye kwafi. Cewa kowa ya san da kai aka yi ba hujja ba ce.

Haka rahoton fasaha, da ƙasidun malaman gona, har da waɗanda aka rubuta da Hausa ko ajami, da shirye-shiryen rediyo, da takardar mallakar fasaha in akwai. Makinsu ba ya kai na maƙala a yawancin kundaye, wanda a ganina rashin adalci ne ga cibiyar da aka kafa don manomi, amma maki ne, kuma suna nuna aikinka ya fita daga harabar jami'a. Sai tallafin bincike. In ka ci na TETFund, asusun gwamnatin tarayya mai tallafa wa manyan makarantu, ko na cikin gida da ake bayarwa ta jami'a ko babban asusun bincike na ƙasa, ko na wata hukumar waje, ka saka wasiƙar bayarwa, da adadin kuɗin, da matsayinka a ciki, jagora ne kai ko mataimaki, da shaidar cewa an rufe lissafin kuɗin. Ɗaliban digiri na biyu da na uku da ka duba, ka saka wasiƙar naɗi da shafin sa hannu na kundinsu. Fom ɗin APER, wato na tantance aikin ma'aikaci na kowace shekara, kuma kada ka bari ya yi giɓi.

Idan takardu sun taru, sai rubutun da ya fi kowane wuya, wato taƙaitaccen bayanin gudummawarka. Wasu jami'o'in suna neman sa da suna, wasu ba sa nema, amma ko ba a nema ba yana da kyau tsarin fayil ɗin ya nuna shi. Abin da mai tantancewa ke son sani shi ne, wace tambaya wannan mutumin yake bi tsawon shekarun nan, kuma me aka sani yanzu da ba a sani ba kafin shi. Yawancinmu sai mu rubuta, “Na gudanar da bincike mai zurfi a fannoni daban-daban na aikin gona.” Wannan bai faɗi komai ba. Kwatanta da wanda zai ce aikinsa a kan ƙuduji ne a gonakin wake, maƙala ta 3 da ta 7 sun nuna inda ya fi ɓarna da dalili, ta 9 zuwa ta 12 sun gwada irin da ke jure shi, ta 15 kuma ta nuna abin da ya faru da manoma suka shuka da kansu. Mai karatu ya samu zaren da zai bi. Ka kasa ayyukanka gida biyu ko uku bisa jigo, ka faɗi abin da kai ka yi a cikin na haɗin gwiwa, ka bar 'yan tsirarun da ba su shiga ko'ina ba a ƙarshe ba tare da ka tilasta musu dangantaka ba. Shafi biyu sun isa. Kada ka yi kirari, kada kuma kunya irin tamu ta sa ka ɓoye abin da ka yi. Kawaici yana da wurinsa, amma farfesan da ke Nsukka ko Nairobi ba zai karanta shirunka ya gane tawali'u ne ba.

Takardar tarihin aiki ka bi tsarin da jami'a ta bayar, ko da kana ganin naka ya fi kyau. Lambar da ke kan jeri ita ce za ta kasance a kan kwafin maƙalar, a bi da bi. Ka yi wa sababbi alama. Kowace maƙala da bangon mujalla, da shafin jerin editoci in ana nema, da cikakkun shafuka, ba wanda injin ya cinye gefensa ba. Ka ajiye komai a kwamfuta da wani wuri na biyu, domin jami'o'i da dama sun koma karɓa ta intanet.

Kafin ka miƙa, je ka ga shugaban sashe ko daraktan cibiya, da wuri, ba ranar rufewa ba. Magana ce mai sauƙi: “Ranka ya daɗe, ina da niyyar nema bana, na ce ko za a duba mini a ga in da saura.” Ba roƙo ba ne, kuma shi ne zai rubuta sharhi a kanka ya kuma kare fayil ɗin a gaba, to gara kada ya fara ganin sa a zauren kwamiti. Ka kuma ba wani babba da ba ya jin nauyinka ya karanta. Wanda zai ce “ma sha Allahu, ya yi” cikin minti biyar ba shi kake nema ba.

Daga nan fayil zai bi hanyarsa: kwamitin sashe, na cibiya ko tsangaya, sai babban kwamitin jami'a, ƙarshe majalisar gudanarwa ta amince. Zuwa matakin siniya yawanci a cikin gida ake gamawa. Rida da farfesa kuwa, in kwamiti ya gamsu cewa ka cancanci a duba ka, sai a aika da ayyukanka ga masu tantancewa na waje, galibi farfesoshi uku a fanninka daga wasu jami'o'i, kuma ana neman aƙalla biyu su ce ka isa. Sunayensu sirri ne. Kada ka yi yunƙurin gano su, balle ka aika wani ya gaishe su. Magana ba ta ɓuya a wannan sana'a, kuma akwai wanda in aka tuntuɓe shi zai mayar da kunshin ya rubuta dalili. Wannan mataki yana iya cin shekara, wani lokaci fiye, domin mai tantancewa na iya riƙe takardu, ko ya yi tafiya, ko ya rasu a sake nemo wani. Yajin aiki ma kan tsayar da komai, kamar na ASUU a 2022 da ya ci wata takwas. Ya halatta ka riƙa leƙa ofishin da ke kula da harkar lokaci-lokaci ka tambaya cikin ladabi ko rahotanni sun dawo. A yawancin jami'o'i ana mayar da ranar fara aikin matsayin baya zuwa shekarar da ka nema, sau da yawa 1 ga Oktoba, don haka jinkirin ba ya cinye maka shekaru. Kada ka daina bugawa kana jira.

'Yan'uwanmu na Nijar hanyarsu daban ce. Can, malamai da masu bincike suna kai takardunsu ga kwamitocin CAMES, hukumar da ƙasashe masu amfani da Faransanci suka kafa a 1968 mai mazauni a Wagadugu, wato tun daga farko baƙi ne ke duba su. Maganar suna ɗaya da zare ɗaya ta fi ma shafar su.

In aka ce ba ka wuce ba, ka nemi dalili a rubuce. Kundi yakan tanadi hanyar ɗaukaka ƙara da wa'adinta. In kuskuren lissafi ne, ko an tsallake wata maƙala, ka rubuta gajeriyar wasiƙa ta hannun shugabanka, ka nuna shafi da lamba, ban da zargin kowa. In kuwa masu tantancewa na waje ne suka ce aikin bai kai ba, ƙara ba ta cika amfani ba, kuma yawanci akwai lokacin da za ka jira kafin a sake aikawa. Ka roƙi a gaya maka abin da suka ce ko da a taƙaice, domin sau da yawa a nan ne za ka ji ainihin giɓin, ko ƙarancin aikin da ka jagoranta, ko mujallu marasa nauyi.

In wasiƙa ta fito, ka yi kwafinta ka kai ofishin ma'aji da na magatakarda da kanka, ka sa a buga maka hatimin karɓa. Ka duba takardar albashin wata biyu masu zuwa ka ga ko mataki da rukunin sun sauya daidai. Ariyas na ƙarin girma yakan makale, musamman a shekarun baya da albashin jami'o'i ke bi ta IPPIS, tsarin biyan albashi na bai-ɗaya na gwamnatin tarayya, don haka ka lissafa bambancin da kanka tun daga ranar da wasiƙar ta ambata, ka rubuta takardar nema, ka riƙe kwafi mai hatimi.